Arzikin gida da rashin jin yara a ƙasar Sin: ta ina abin yake bi?

Tambaya: Ni ɗaliba ce mai nazarin halayyar yara. Na sha cin karo da maganar cewa a ƙasar Sin 'ya'yan marasa ƙarfi sun fi 'ya'yan masu hali matsalar ɗabi'a. Gaskiya ne? In gaskiya ne, rashin kuɗin ne ke jawo haka ko akwai wani abu a ƙasa? Kuma da me ake auna irin wannan?

Amsa: Malama, maganar tana da tushe, sai dai ana yawan cika mata gishiri. Idan aka ɗauki yara dubu daga gidajen da ke hannu baka hannu ƙwarya, aka ɗauki wasu dubu daga gidaje masu rufin asiri, za a tarar faɗa, taurin kai, rashin natsuwa da damuwa sun fi yawa a kashin farko. Amma tazarar ƙarama ce zuwa matsakaiciya, kuma mafi yawan 'ya'yan talakawan lafiyarsu lau. Abin da ya fi muhimmanci ki riƙe shi ne, talauci ba ya taɓa yaro da hannunsa. Ta jikin babban da ke riƙon yaron yake bi. A ƙasar Sin kuwa akwai wata takardar rajistar garin asali da ake kira hukou, wadda sau da yawa ita ke yanke hukuncin ko wannan babban zai kwana gida ɗaya da yaron ko a'a.

Mu fara da awo, don a nan ɗalibai suka fi tuntuɓe. Masana suna raba matsalar ɗabi'a gida biyu. Akwai mai fitowa fili: duka, ƙarya, ɗauke-ɗauke, gardama da manya, ƙiriniyar da ba ta barin yaro ya zauna wuri ɗaya. Akwai mai cin yaro ta ciki: tsoro, zullumi, ware kai, yawan kuka, ciwon ciki ko ciwon kai da likita ya duba bai ga komai ba. Takardun tambayoyi biyu aka fi aiki da su a Sin. Ta farko ita ce CBCL ta Thomas Achenbach, mai tambayoyi ɗari da 'yan kai, ana ba kowace tambaya maki 0, 1 ko 2. Ta biyu SDQ ta Robert Goodman, wadda ta fito a 1997, tambaya 25 ce kawai a rukuni biyar. Rukuni huɗu na matsala ne, ana haɗa makinsu ya tashi daga 0 zuwa 40, na biyar kuma na kyawun hali ne. A ma'aunin asali na Ingila, in iyaye suka cika, maki 17 zuwa sama shi ne alamar a duba yaron da kyau. Babban binciken da aka yi kan yara 'yan makaranta masu shekara 6 zuwa 16 a Beijing, Liaoning, Jiangsu, Hunan da Sichuan, wanda ya fito a 2021, ya tace yara sama da dubu 70 da CBCL, sannan likitoci suka zauna da waɗanda makinsu ya yi sama. Sun sami kashi 17.5 cikin ɗari da wata larurar ƙwaƙwalwa ko ɗabi'a, kuma larurar rashin natsuwa da ake kira ADHD ce kan gaba da kashi 6.4.

Shi kuma matsayin gida, a littafi abu uku ne: kuɗin shiga, ilimin iyaye, da sana'arsu. A Sin wanda ya tsaya a nan bai auna komai ba. Tun 1958 kowane ɗan ƙasa yana da rajistar hukou da ke ɗaure shi da garin asalinsa, kuma makarantar gwamnati, inshorar lafiya da tallafin marasa ƙarfi duk sun daɗe suna bin wannan rajista. A 2014 an soke rabon hukou zuwa na noma da wanda ba na noma ba, amma ɗaurin da ke tsakanin mutum da garinsa bai kwance ba, musamman a manyan birane. Ƙidayar 2020 ta nuna kusan kashi 64 na jama'a a birni suke zaune, masu rajistar birni kuwa kashi 45 ne da ɗoriya. Wannan giɓin mutane ne, 'yan cin rani kusan miliyan 260, masu aiki a masana'antun Dongguan da Shenzhen, masu gini, masu kai abinci a babur. A 2023 abin da ɗan birni ke samu a shekara ya kai yuwan (kuɗin Sin) 51,821, na ɗan karkara 21,691. Don haka direban babur mai rajistar ƙauyen Henan zai iya samun kuɗi fiye da ƙaramin ma'aikacin ofis ɗan asalin Shanghai a wani watan, amma 'ya'yansu ba ƙofa ɗaya ce a buɗe gare su ba.

To, ta ina talaucin yake bi? Hanya ta farko ita ce wadda Rand Conger da Glen Elder suka zayyana bayan sun bi iyalan manoma a jihar Iowa ta Amurka, waɗanda karyewar noma ta shekarun 1980 ta durƙusar. An gwada wannan bayani a gidajen Sinawa sau da dama, kuma gaba ɗayansa yana tsayawa. Bashi da ƙarancin kuɗi suna sa uba da uwa cikin damuwa. Damuwa tana kawo cacar baki tsakaninsu. Wanda ya fito daga cacar baki ba shi da sauran haƙurin da zai bi yaro a hankali, sai tsawa da mari, ko kuma ya kawar da kai gaba ɗaya. Yaron kuma ya mayar da martani da abin da ya iya.

Ga yadda abin yake a kusa. Uwa ta taso daga masaƙa ƙarfe takwas na dare bayan awa goma sha ɗaya a tsaye. Ɗaki ɗaya ne a irin unguwannin 'yan cin rani da ake kira ƙauyen cikin birni, gado da tebur da tukunyar shinkafa ta lantarki duk a wuri guda. Yaro ɗan shekara takwas yana kan waya, jakar makaranta ko zugewa bai yi ba, ga saƙon malama a zauren iyaye na manhajar WeChat cewa jiya ma bai kawo aikin gida ba. Ta ce ya ajiye wayar, ya yi kamar bai ji ba. Ta ɗaga murya, ya fara ihu yana shure-shure. Maƙwabci ya buga bango. Ta gaji, ta ce to minti goma. A wannan daren kowa ya koyi darasi: yaro ya gane ihu yana biya, uwa ta gane janyewa tana kawo shiru. Gobe ihun zai fi na yau, ita kuma ranar da ta ƙi janyewa sai ta kai ga duka. Masani Gerald Patterson na jihar Oregon ta Amurka ne ya fara bayyana wannan zagayen dalla-dalla. Gidan mai kuɗi ma yana faɗawa ciki, bambancin shi ne can akwai ɗaki na biyu, akwai mai aiki, akwai babban da bai gaji ba da zai karɓi yaron.

A nan wasu kan ce ai tarbiyyar Sinawa dama mai tsauri ce, kuma ba ta cutar da 'ya'yansu. Rabin maganar gaskiya ne. Ruth Chao ta nuna a 1994 cewa kalmar guan, wadda iyayen Sinawa ke amfani da ita, ta haɗa iko da kulawa a ciki, kusan yadda Bahaushe zai ce sa ido da tsawatarwa. Yaron da ake bibiyar karatunsa ana hana shi yawo yakan ɗauki hakan a matsayin so. Amma sa ido daban, duka daban, ko da yake Sinawa suna da karin maganar da ke cewa a ƙarƙashin sanda ake samun ɗa mai biyayya. Jennifer Lansford da abokan aikinta sun kwatanta ƙasashe shida a 2005, har da Sin da Kenya da Indiya. Sun tarar inda duka ya zama ruwan dare illarsa takan ɗan ragu, amma a duk ƙasashen shida yaran da aka fi duka sun fi faɗa da fargaba. Haka kuma horon kunyatarwa, irin su "dubi ɗan maƙwabta", ko "duk wahalar nan don kai muke sha", ya fi barin tabo ta ciki, ba a ganinsa a aji sai a daren da yaro ya kasa barci.

Hanya ta biyu ita ce abin da gida ke iya zubawa a kan yaro, kuma a nan ne ilimin uwa yake yawan fin kuɗi tasiri a lissafi. Ƙungiyar bincike ta REAP da Scott Rozelle na jami'ar Stanford ya jagoranta ta auna jarirai 'yan wata 6 zuwa 12 a yankunan talakawa na kudancin Shaanxi, ta tarar kusan rabinsu suna da ƙarancin jini. Ba yunwa ba ce. Kunun shinkafa da taliya ake ɗura musu, ciki ya cika, amma babu nama, babu ƙwai, babu sinadarin ƙarfen da jini da ƙwaƙwalwa ke buƙata. Jaririn da jininsa ya yi ƙasa yakan zama mai rigima ko mai sanyin jiki, ba ya wasa, ba ya neman mutane. Binciken nasu ya kuma nuna ƙalilan ne daga masu riƙon yaran ke yi musu tatsuniya, waƙa ko karatun littafi. Da yawa suna ganin ɓata baki ne a yi hira da wanda bai fara magana ba. Yaron da ya shiga aji ɗaya da ƙarancin kalmomi ba ya iya cewa "ba ni, nawa ne", sai ya fizge. Ba ya gane abin da malama ke faɗa, sai ya juya yana tsokanar na kusa. A rajista za a rubuta shi mara ji, alhali matsalar tun yana goye ta fara.

Akwai ƙananan abubuwa na jiki da ke bin talauci, su ma ana ɗora laifinsu a kan hali. Yaron da idonsa ba ya ganin allo kuma ba a saya masa tabarau ba. Hayaƙin taba a ɗaki ɗaya, a ƙasar da kusan rabin mazanta ke sha. Sai gubar dalma, wadda mu ma mun san ta tun abin da ya faru a ƙauyukan Zamfara a 2010. A Sin an daina sayar da fetur mai dalma a 2000, amma masana'antun batir da na narka ƙarfe, da wuraren fasa tsofaffin kayan lantarki irin waɗanda a da suka cika garin Guiyu a Guangdong, kusa da gidajen marasa ƙarfi suke. Binciken da aka yi kan yaran garin Jintan na lardin Jiangsu ya nuna ko dalmar da ba ta kai ta kwantar da yaro ba tana tafiya tare da ƙarin matsalar ɗabi'a da damuwa.

Hanya ta uku ita ce ta Sin ta kanta, kuma a nan zan daɗe. Ɗan cin rani mai 'ya'ya zaɓi biyu gare shi, kowanne da tsadarsa. Ko ya bar su a ƙauye wurin kakanni, ko ya tafi da su birnin da ba su da rajista. Waɗanda aka bari ana kiransu liushou ertong. Ƙungiyar matan ƙasar ta ƙiyasta su miliyan 61 a rahotonta na 2013. A 2016 ma'aikatar kula da al'amuran jama'a ta ce miliyan 9 ne da 'yan kai. Kada wannan ya ruɗe ki, ba iyaye ne suka koma gida ba, ma'anar ce aka sauya. Lissafin farko ya haɗa duk ɗan ƙasa da shekara 18 da ko mahaifi ɗaya ya tafi. Na biyu ya tsaya kan 'yan ƙasa da 16 waɗanda iyayen biyu suka tafi, ko ɗaya ya tafi ɗayan kuma ba ya iya riƙo. Duk takardar da kika karanta, fara duba wace ma'ana ta ɗauka.

Abin da ke sa lissafin yaran nan wuya shi ne tafiyar iyayen tana ɗaga kuɗin gida. Aike yana zuwa, an yi rufin kwano, an sayi firji, ana biyan kuɗin makaranta. In da kuɗi ne kaɗai magana, da sun fi sauran 'yan ƙauye natsuwa. Wani nazari da mujallar Lancet ta buga a 2018, wanda ya tattara bincike 111, 91 daga ciki na Sin, ya nuna sun fi takwarorinsu ciwon damuwa, fargaba, tunanin kashe kai, rashin ji da shaye-shaye. Amma akwai wani ɓangaren da bai kamata a ɓoye ba: masu binciken REAP sun kwatanta su da yaran ƙauye da ke tare da iyayensu ta fuskar lafiya, abinci da karatu, suka tarar ba su fi su lalacewa ba, duka biyun ne ke baya. A fahimtata babu saɓani a nan. Kuɗin aike yana gyara abin da kuɗi ke iya gyarawa, rashin uwa kuma yana taɓa abin da ba a saye.

Illar kuma ba ɗaya ba ce ga kowa. Tafiyar uwa ta fi ta uba nauyi. Rabuwa kafin shekara uku ta fi rabuwa a shekara goma. Yaron da ake kira ta bidiyo sau biyu ko uku a mako ana tambayarsa abokansa da wasansa ba daidai yake da wanda ake kira sau ɗaya a wata a tambaye shi maki nawa ya ci ba. Sai wadda aka bar wa riƙon. Kakar da ta haura sittin, wadda wataƙila ko firamare ba ta gama ba, ga gona, ga jikoki uku na 'ya'yanta biyu. Tana iya ciyarwa, tana iya wanki, amma aikin gida na lissafi ya fi ƙarfinta, kuma wayar da iyayen suka aiko don a riƙa gaisawa ita ce ta zama mai reno. Goyon kaka a can ma sunansa goyon kaka: ko sangarta saboda tausayin yaron da ba ya ganin uwarsa, ko tsawa saboda gajiya. A bikin sabuwar shekara iyayen su zo na kwana bakwai ko goma da kayan tsaraba, kwana biyun farko yaron yana ɓuya a bayan kaka, ya fara sakewa ke nan sai a tafi, wani lokacin da asuba yana barci don gudun kuka. Wannan tafiyar ta sata tana cikin abubuwan da suka fi ɓata amincewar yaro da manya. Gara a gaya masa ranar tafiya da ranar dawowa, ya yi kukansa a gabansu.

Ƙari a kan haka, daga 2001 zuwa 2012 an rufe ɗimbin ƙananan makarantun ƙauye aka haɗe su a garuruwa, sai yara ƙanana, wasu 'yan aji ɗaya, suka koma makarantar kwana. Ɗakin kwana mai cunkoso da mai kula ɗaya wuri ne da cin zali ke yaɗuwa. Ƙasar ta girgiza a watan Yunin 2015 lokacin da wasu yara huɗu 'yan gida ɗaya a Bijie ta lardin Guizhou, babbansu ɗan shekara 13, suka mutu bayan shan maganin ƙwari, suna zaune su kaɗai ba babba. A farkon 2016 majalisar gudanarwar ƙasar ta fitar da umarnin da ya hana a bar 'yan ƙasa da shekara 16 su zauna ba mai kula.

Waɗanda aka tafi da su birni fa? Galibi sun fi waɗanda aka bari kwanciyar hankali, don suna kwana da iyayensu. Tasu matsalar ita ce wariya da yawan ƙaura. Shiga makarantar gwamnati a babban birni yana buƙatar takardun zama, na aiki da na biyan inshora, wani wurin ma da tsarin tara maki. Wanda bai cika ba sai makarantar kuɗi ta 'yan cin rani, wadda malamanta ba sa daɗewa kuma hukuma kan iya rufe ta. Babban tarkon yana gaba: jarrabawar shiga jami'a ta gaokao a lardin rajista aka saba rubuta ta, kuma ko da yake larduna da yawa sun sassauta, Beijing da Shanghai ba su saki sosai ba. Don haka yaron da aka haifa a birni, yana kai shekara 12 ko 13 sai a mayar da shi "gida", garin da bai sani ba, karin harshen da ba ya ji sosai, a daidai shekarun da ya fi buƙatar ido a kansa. Malaman ƙananan sakandare na karkara sun san irin waɗannan yara, su ne kan fara tsallake katanga.

Kada kuma ki ɗauka gidan masu hali lafiya ce zalla. Can abin ya fi zuwa ta ciki. Akwai kalmar jiwa da iyayen birni ke faɗa, wato yaron da ake yi wa allurar zuga: darasin Turanci, fiyano, lissafin gasa, ninƙaya, ba ranar hutu. Ana sayen tsohon ɗaki da tsadar gaske don kawai yana unguwar makaranta mai suna. Jarrabawar zhongkao ta ƙarshen aji tara tana raba yara tsakanin sakandaren da ke kai wa jami'a da ta koyon sana'a, kuma iyaye masu digiri suna ganin ta biyun faɗuwa ce. A 2021 gwamnati ta hana darasin kuɗi na darussan makaranta a ranakun hutu, ta rage aikin gida, ta ce ɗan firamare ya samu barcin awa 10, ɗan ƙaramar sakandare 9, na babba 8. A shekarar ce kuma aka taƙaita wasan intanet na 'yan ƙasa da 18 zuwa awa ɗaya a daren Juma'a, Asabar, Lahadi da ranakun hutu. Mai kuɗi ya koma ɗaukar malami a ɓoye zuwa gida, yaron ƙauye kuma ya shiga wasan da katin shaidar kakarsa. Batun cewa tsarin ɗa ɗaya, wanda aka bi daga wajen 1980 zuwa ƙarshen 2015, ya haifar da sangartattun "ƙananan sarakuna", an fi jin sa a jarida. Toni Falbo da Dudley Poston sun auna yara 4,000 a farkon shekarun 1990, ba su ga wani bambancin hali na a zo a gani ba.

Tunda bincike kike yi, ga inda ake yawan zamewa. Na farko, wa ya cika takardar? Uwar da ke cikin ciwon damuwa tana ganin ɗanta ya fi yadda yake fitina, sai alaƙar talauci da rashin ji ta kumbura a lissafi, alhali idon mai kallo ne. Kaka kuma takan ce komai lafiya, ko don kunya ko don ba ta ɗauki shirun yaro a matsayin matsala ba. Maganin shi ne a samu baki biyu aƙalla, na gida da na malami, in yaron ya kai 11 a ba shi nasa. Na biyu, ma'anar hali tana sauyawa da wuri da zamani. Xinyin Chen ya kwatanta yaran Shanghai na lokuta daban-daban ya tarar a 1990 yaro mai kunya da kawaici abin so ne wurin malamai da abokai, amma zuwa 2002 irin wannan yaron shi ake warewa, shi ke fama da damuwa, saboda kasuwa ta zo tana neman mai baki. A karkara kuwa kunyar ta daɗe da darajarta. Ke nan maki ɗaya a rukunin ware kai ba abu ɗaya yake nufi a Shanghai da ƙauyen Gansu ba. Rukunin mu'amala da abokai na SDQ ma an sha samun tambayoyinsa ba sa tafiya tare da kyau a yaran Sin, don haka a yi hattara da shi.

Na uku, kuɗin shiga. Manomi ba ya lissafin shinkafar da ya ci daga gonarsa, kaka ba ta san adadin abin da ɗanta ke samu ba, mai shago kuma ba zai faɗi gaskiya ba. Ya fi a tambayi kadara, irin ginin gida, firji, injin wanki, mota, kwamfuta, yawan littattafai, a haɗa da shekarun karatun uwa da na wadda ke riƙon yaron a zahiri, da nau'in hukou, da shekarun yaron lokacin da aka fara barinsa. Na huɗu, yawancin binciken da za ki gani na awo ɗaya ne a lokaci ɗaya, ba ya iya nuna wanne ya riga wanne. Yaro mai larura yana iya sa uwa ta bar aiki, kuɗin gida ya ragu. Uba mai saurin fushi yana iya rasa aiki kuma ya gadar wa ɗansa halin. Don kauce wa wannan ake komawa ga bayanan da ke bin gida ɗaya shekara da shekaru, kamar CFPS na jami'ar Peking da ya fara a 2010 da gidaje kusan dubu 15, ko CEPS na jami'ar Renmin da ya fara da ɗaliban ƙaramar sakandare kusan dubu 20 a 2013.

Ko ƙarin kuɗi shi kaɗai yana gyara hali? Hujjar da aka fi kafawa daga Amurka take. Jane Costello tana cikin bin wasu yara a Karolina ta Arewa sai aka buɗe gidan caca a yankin ƙabilar Cherokee, aka fara raba wa kowane ɗan ƙabilar riba. Yaran gidajen da suka fita daga talauci, faɗansu da taurin kansu ya sauka ya yi daidai da na waɗanda ba su taɓa talauci ba, amma fargaba da damuwa ba su motsa ba. Da aka bi diddigi, sai aka ga iyayen sun sami sararin sa ido a kan yaran ne. Kuɗin ya yi aiki, amma lokaci ya saya.

Shi ya sa gwaje-gwajen da suka fi ba da sakamako a karkarar Sin kan mai riƙon yaro suka nufa. A gundumar Huachi ta Gansu, daga 2015, an ɗauko tsarin ziyarar gida da aka fara a Jamaika: mace 'yar yankin, wadda aka horar, tana zuwa sau ɗaya a mako na kimanin awa ɗaya da littafin hoto da kayan wasa masu sauƙi, ta nuna wa uwa ko kaka yadda ake wasa da hira da yaro, ta bar mata kayan har mako mai zuwa. Masanin tattalin arziki James Heckman na cikin waɗanda suka auna sakamakon, an ga ci gaba a harshe da fahimta. A Shaanxi an yi irinsa na wata shida da ma'aikatan ƙayyade iyali, mutanen da a da aikinsu cin tarar masu haihuwa fiye da ƙa'ida ne. Abin da ke kashe irin wannan shiri sananne ne: mai ziyara ta riƙa wasa da yaron ita kaɗai kaka tana can tana girki, ko a sauya mai ziyara duk bayan wata biyu, ko uwar ta koma birni a tsakiyar shirin ba a fara da kakar daga farko ba.

Sauran matakan na ciki ne da aljihu. Akwai ƙullin garin ƙarin sinadarai da ake kira Ying Yang Bao, ana zuba ɗaya a kunun jariri ɗan wata 6 zuwa 24 kullum. Akwai abincin makarantun karkara da aka fara a 2011 da yuwan 3 ga kowane ɗalibi a rana, ya koma 4 a 2014, ya kai 5 a 2021. Akwai jami'in kula da yara na ƙauye, wanda aka gwada a ƙauyuka 120 a 2010 kafin a baza shi ƙasa baki ɗaya, aikinsa ya san kowane yaron da ba babba a kansa, ya nema masa rajista da tallafi. A 2025 kuma aka fara ba kowane yaro ɗan ƙasa da shekara uku yuwan 3,600 a shekara. Yuwan 300 ke nan a wata, kuma albashin masaƙa a Guangdong ya ninka haka fiye da sau goma, don haka in kina neman abin aunawa nan gaba, ki duba ko wannan tallafin ya sa uwaye sun ƙara ko da wata shida a gida kafin su koma cin rani.